Hannuwan da Suka Daina Jin Wuta

Ni malamar bayoloji ce a wata makarantar 'yan mata a Tambuwal, kuma duk shekara idan muka iso darasin jijiya da faɗa nake farawa. Da na ce jijiya sai yara su miƙo hannu suna nuna mini koren layin nan na bayan hannu. In ce wannan ta jini ce, ku ajiye ta gefe. Wadda nake nufi ba a ganinta daga waje, ita ce mai kai saƙo. Ki taka ƙaya a gona, kafin ki ce wayyo ƙafa ta riga ta ɗaga, wa ya gaya mata? Sai in ɗauki alli in zana musu ƙwaya guda: ɗan dunƙulen jiki, da gajerun rassa a kewaye masu karɓar saƙo, da zare ɗaya dogo mai fita da shi. In ce akwai wadda zarenta ke tashi daga ƙugu har babban yatsan ƙafa, ƙwaya ɗaya tak. Ba a rasa wata mai ƙarfin hali a bencin baya da za ta ce, "Kai, Malama!" In ce mata wallahi.

Daga nan sai in zana wasu ƙananan ƙwayoyi a jikin zaren, kowace ta naɗe ɗan yankinta, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Su ba sa kai saƙo. Aikinsu su rufe zaren, su ciyar da shi, su sa saƙo ya yi sauri yana tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa, in kuma zaren ya tsinke su share wurin su jera masa hanya ya sake tsirowa. A nan nake daɗewa har yaran su fara kallon ƙofa, kuma dalilin daɗewar yayata ce.

Yaya ce ta raine ni bayan rasuwar innarmu, a Kebbe, a gidan mijinta. Har yau da furfura a kaina Auta take kirana. Mijin ya daɗe da rasuwa, cikin 'ya'yan da ta haifa kuma ɗiya ɗaya mace ce ta rayu, tana aure a Sanyinna. Sana'ar Yaya masa ce, a ƙofar gida da safe. Amma abin da aka san ta da shi a unguwa wankan jego ne.

Duk wadda ta haihu, in ana son ta gasu da kyau, Yaya ake aikawa a kira. A ɗora rabin duro a murhu safe da yamma har arba'in, ruwa ya tafasa, a tsoma damin ganyen dogon yaro ana fyaɗa wa mai jego a jiki don kada sanyi ya shige ta. Gwanintar duka tana wurin surki, wato a zuba ruwan sanyi daidai yadda fata za ta iya ɗauka ba tare da ruwan ya mutu ba. Babu wani abin awo, hannun mai wanka ne ke faɗin ya yi ko bai yi ba.

A 'yan shekarun baya sai sunan Yaya ya ƙara tashi. Aka ce ruwanta ya fi na kowa rai. Ruwan da wasu mata ba sa iya sa kan yatsa, ita sai ta nutsa hannu har wuyansa ta ce a ƙara wuta. Masu jego suna ihu, tsofaffi suna cewa rakin 'yan zamani ne. Garwashi ya faɗo daga murhu ta ɗauke shi da yatsu ta mayar, yara suna tafi. Kowa ya ce sabo ne, hannun da ya tsufa a bakin tanda. Nakan je Kebbe da Sallah da hutun makaranta, don hanyar ba ta sintiri ba ce, kuma duk zuwa sai mun yi cacar baki.

"Yaya, mutum kike wanka ko kaza za ki fige?"

"Tafi can ki riƙe allinki. Ke da anka yi miki naki ba ki mutu ba."

Wata damina ɗiyar Yaya, da ta zo ganin gida Kebbe, ta kira ni a waya. Ta ce, "Anti, ki zo. Inna ta ƙona ɗiyar mutane." Wata yarinya ce mai haihuwar fari a maƙwabta, bayanta ya tashi gaba ɗaya, fata ta saɓule, sai da aka kai ta asibiti. Allah ya sa da sauran kwana. Dangin mijinta sun zo har ƙofar gida sun faɗi abin da suka faɗa. Ɗiyar Yaya da idonta ta ga bayan, don ita ta riƙe yarinyar a mota.

Na hau kabu-kabu, muka sha caɓi da ramuka, muna sauka muna turawa. Na tarar da Yaya zaune a ƙofar ɗakinta, tanda a kife, ko wuta ba a hura ba. Ban gama gaisuwa ba ta ce, "Auta, wallahi tallahi ruwan nan da ɗumi-ɗumi nij ji shi. Sai da nis surka. Mi za ya sa in cuci ɗiyar mutane?"

Na zo da niyyar faɗa, har na shirya maganganuna tun a kan babur. Sai na kama hannunta. Ƙuraje sun fashe a tsakanin yatsu, ga sababbin tabo a kan tsofaffi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa.

"Wannan ba ya miki zafi?"

"Wane?"

Na zaro tsinke daga tsintsiya na ce ta rufe ido, duk inda ta ji na taɓa ta faɗa. Na taɓa tafin hannu. Na taɓa kan yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na danna har tsinken ya lanƙwashe. Tana zaune ido a rufe, kai a ɗage, tana jira. Can ta ce, "To fara mana, Auta, ina da aiki."

Na ajiye tsinken. Da na ɗaga rigarta na ga wani faffaɗan tabo a baya, ya yi haske, ba gumi a kansa duk da zafin ranar. Ta ce ƙyasfi ne, ya shekara nawa yana nan, ba ƙaiƙayi ba ciwo, don me za ta kai wa likita abin da bai dame ta ba.

Washegari na taho da ita Tambuwal. A asibiti aka tura mu wurin wani ma'aikacin lafiya dattijo mai duba masu ciwon fata. Ya shafa mata auduga a tabon, ya lalubi bayan gwiwar hannunta, ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Na ji jijiyar ta yi kauri a ƙarƙashin fata kamar igiyar guga. Ya sassauta murya ya faɗi sunan ciwon: kuturta. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya yi ta ba ta baki, ya ce magani na nan kyauta, za ta sha shekara guda, da ta fara kuma ba ta sa wa kowa. Ba ta buɗe fuskar ba har muka fito.

Na koma ni kaɗai na tambaye shi abin da na riga na sani. Ya ce, "Malama, ƙwayar cutar za ta mutu da yardar Allah. Jijiyar da ta taɓu kwanan nan takan dawo. Wannan ta daɗe. Ku koya mata kiyaye hannun, ku haɗa da addu'a."

Ta zauna a wurina. Ranar farko ta ware kwanonta da moɗarta ta kai bayan ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauko moɗar na cika da ruwa na shanye a gabanta, na ce wadda ta tauna mini abinci ina ƙarama ba za ta zo gidana ta yi mini wannan wulaƙancin ba. Ta ce, "Bakinki dai har yau bai canza ba." Maganin ya sa fatarta ta yi duhu, ta rame, ta rage magana. Daga Kebbe kuwa shiru. Matan da ta tsaya a kansu kwana arba'in-arba'in, ba wadda ta aiko da ko gaisuwa.

Ana nan ɗiyarta ta zo duba ta daga Sanyinna. Ta daɗe da aure ba haihuwa, an sha magani an gaji. Ranar tana zama na ga yadda take kare ciki da mayafi, Yaya ma ta gani. Ba wadda ta ce komai, don ba a faɗin irin wannan tsakanin uwa da ɗiya. Sai da ta tafi Yaya ta kalle ni, fuskarta ta yi wani haske da na manta tana da shi.

"Wata fuɗu na, ko ya fi kaɗan. Gida za ta zo ta haihu." Sannan ta ce, "Ni za ni yi mata wanka."

Na ce, "Yaya."

"Na wanke ɗiyan mutane ba iyaka. Tawa guda ɗaya tak wata za ta wanke min?"

Da la'asar ɗin nan ta same ni a tsakar gida ina tsintar shinkafa, ta ce in koya mata abin da nake koya wa yara, ta ji me ya lalace a hannunta. Na ture tire na ɗauki kara na zana a ƙasa: dunƙule, rassa, dogon zare, da masu naɗe shi. Na ce ƙwayar wannan cuta ba zaren take fara nema ba, cikin masu naɗin take shiga ta zauna, kuma ta fi son wurare masu sanyi kusa da fata, irin gwiwar hannu da wuyan hannu. Jiki ya taso yaƙi da ita a wurin, wuri ya kumbura, masu naɗin su mutu, zaren ya rage tsirara a matse har shi ma ya mutu. Wuta tana cin hannun kamar na kowa, labarin ne ba ya isa kai.

Ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce, "Ashe ba ƙarfi hannun yay yi ba." Sannan ta ce, "Shina tsirowa?"

Na ce zare yakan tsiro, amma a hankali, a wata guda da ƙyar ya yi tsawon gaɓar yatsa. Nan take ta ɗora yatsa a gwiwar hannunta ta fara aunawa, gaɓa bayan gaɓa, tana gangarowa, leɓenta na motsi. Ba ta kai wuyan hannu ba ta tsaya, don watannin da suka rage wa ɗiyarta sun riga sun ƙare. Ni ba na iya ɓoye magana, haka Allah ya yi ni. Na gaya mata sauran: tsirowar ma sai in masu naɗin suna nan su jera masa hanya, ita kuwa su ne aka cinye.

"Allah shi ka yi," in ji ta. Ta tashi ta yi alwala.

Amma ba ta haƙura ba. Kowace safiya ta jiƙa hannuwa a ruwa yadda aka koya mata, ta goge kantar da ta taru a fata, ta shafa man kaɗanya, ta miƙe yatsun da suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya. Kafin in tafi makaranta sai ta miƙo mini tsinke ta rufe ido. Wani lokaci in kama ta tana leƙe ta ƙasan ido, in ce, "Yaya, satar amsa a gidan malama?" mu yi dariya. Wata safiya ta ce da ƙarfi, "Nan! Na ji shi nan!" tana nuna tsakiyar tafinta. Tsinken yana hannuna, ban kai ga taɓa ta ba. Ranar na shiga aji na kasa rubuta ko kwanan wata a allo.

Na kawo mata shawara. Na ce in lokaci ya yi ni zan surka ruwan in auna da hannuna, ita ta yi fyaɗin. Na san akwai matsala ko a hakan, don yatsunta ba sa riƙe abu da kyau, cokali ma yakan zame mata, ga shi hannun zai yi ta shiga ruwan zafi ba ta sani ba. Amma na ga in ban ba ta wannan ba, ba abin da zai tashe ta da safe. Ta ce ruwana zai yi sanyi kamar na wankan jariri. Na ce ko ta yarda da nawa ko a kira wata. Ta yarda.

Da cikin ya tsufa muka koma Kebbe, na ɗauki hutu, muka tafi da maganinta na wata. Mijin ɗiyarta ya aiko da itace a amalanke. Yaya ta sa aka gyara murhu, aka wanke duro, ta tsaya a kan mai saran ganye tana zaɓen reshe. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna gaisuwa daga nesa. Ita ko a jikinta, har 'yar waƙa na ji tana yi a madafa.

Aka sauka lafiya, namiji. Washegari da hantsi ruwa ya tafasa. Na surka, na sa hannu, na ƙara na sanyi, Yaya tana tsaye tana tsaki. Ta ɗauki damin ganyen ya zame, ta sake ɗauka ya sake zamewa. Sai ta ciro tsumma daga ƙugunta ta ce in ɗaure mata shi a hannu. Na ɗaure, na yi ƙulli biyu.

Ɗiyarta tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno a bayan ɗaki, ta ba mu baya, zane a ƙugu. Yaya ta yi bisimilla, ta tsoma ganyen, ta ɗaga, ruwa na zuba, tururi na tashi. Kafin ya sauka sai bayan yarinyar ya takure, kafaɗunta suka haɗe, ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. Ta ce, "Inna," a hankali. Ta waiwayo, amma ni ta kalla.

Ta san ni na auna ruwan, a gabanta na yi. Jikinta ne bai yarda ba, jikin da ya riƙe waccan yarinyar a mota. Yaya ta tsaya da hannu a sama har ruwan ya gama ɗiga daga ganyen. Sannan ta sauke shi ta miƙo mini.

"Kwance, Auta."

"Yaya, tsoro ne kawai na haihuwar fari, kowa ma..."

"Kwance nic ce. Ruwa na hucewa."

Na kwance tsumman. Ni da ban taɓa yi wa kowa wankan jego ba, ni na yi shi. Yaya ta koma gefe ta sa hannuwa a baya tana ba ni umarni. "Fara daga ƙugu. Ƙasa kaɗan. Kada ki ji tausai, fyaɗa. Koma kafaɗa." Muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Ni ce nake kuka, yarinyar ma tana kuka, tururi ya rufa mana asiri. Haka muka yi safe da yamma har hutuna ya ƙare, wata dattijuwa daga dangin mijin ta karɓa. Yaya ba ta sake kusantar duron ba.

A ranar farkon nan, bayan an gama an sha kunun kanwa, Yaya ta tafi ɗakinta ta zauna a bakin gado. Tun da aka haifi yaron ba ta ɗauke shi ba, ta ce kada ya zame mata ko ta matse shi ba ta sani ba. Sai ga ɗiyarta ta shigo tana dafa bango, idonta jawur, da jaririn a zane. Ta durƙusa ta ɗora mata shi a cinya ta buɗe zanen.

Yaya ta dube shi. Ta sa hannu ta shafa kansa, ta gangaro kunne, ta bi bayansa har 'yan ƙafafun, ta sake komawa kai. Tana yi tana bin hannun da ido don ta san inda yake. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta kalle ni.

"Auta, shina da taushi?"

Na ce, "Ƙwarai, Yaya. Da taushi sosai."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da shafa shi.